Garin da ba shi da ma'aikacin ayyuka, ruwa ne magajinsa

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon ma'aikacin ayyukan hanyoyi da gine-gine, wanda ya yi ritaya, ya gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da uwayen ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.



Ina godiya da kuka bar rumfunanku da ofisoshinku kuka zo sauraren dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin tsakuwa da siminti. An roƙe ni in yi magana bisa aikin da yaranmu za su iya samu cikin ma'aikatun magajin gari, wato aikin hanyoyi da magudanan ruwa da rijiyoyi da kasuwanni da tsabtar gari. Na san wasu daga cikinku suna cewa a zuci: wannan ai aikin lebura ne, ni ɗana likita zai zama, ko alƙali, ko ma'aikacin duwan. Ban ga laifinku ba. Amma ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar da na zo da ita ta shafi kanti da sito da katangar gidan kowa a nan.

Bari in fara da ruwa. A shekara ta 1945 gulbi ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, har sai da aka tayar da gari aka maido shi bisa tudu inda yake yanzu. Waɗanda suka auna sabon garin sun ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kuma har yau cikinsu muke bi. Shekaru saba'in da tara bayan haka, a daminar 2024, ruwa ya sake tuna mana da kansa. A ƙarshen watan Agusta ya sauka bisa Maraɗi da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya rushe gidaje, ya ɗauki rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. A faɗin ƙasa ɗaruruwan mutane sun rasu, fiye da miliyan ɗaya ambaliya ta shafa, har aka ɗage komawar yara makaranta zuwa ƙarshen watan Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ruwan sama daga Allah yake, babu mai ja. Amma hanyar da zai bi bayan ya taɓa ƙasa, wannan aikin mutum ne, kuma lissafinsa a bayyane yake. Ku ƴan kasuwa kun fi ni lissafi, ku biyo ni. Milimita ɗaya ta ruwa bisa mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ce. Idan aka yi milimita 100 bisa fili mai eka ɗaya ta Faransa, wato mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, an zuba lita miliyan ɗaya ke nan, daidai da tano 5,000 mai lita 200. Unguwa guda tana da irin wannan fili goma ko ashirin ko fiye. A da, rairayi yana shanye rabo mai yawa. Yau mun rufe rairayin da kwano da siminti da kwalta. A ƙidayar 1988 mutanen birnin Maraɗi ba su wuce dubu 110 da kaɗan ba, a ƙidayar 2012 sun zarce dubu 260. Yamai ta tashi daga ƙasa da dubu 400 ta haura miliyan ɗaya cikin wannan tsakanin. Kowane sabon rufin kwano ƙarin ruwa ne bisa titi. To, wa ke zaune yana wannan lissafi a madadinmu kafin a yanka fili, kafin a kafa tubali? Wannan mutum shi ne ma'aikacin ayyuka na ƙaramar hukuma. Inda babu shi, ruwa ne ke yanke shawara.

Ya kamata mu tuna yadda nauyin nan ya faɗo hannun ƙananan hukumomi. Lokacin da na shiga aiki, komai daga sama yake zuwa. Ma'aikatar ayyuka ta ƙasa ke da katafila da motocin tsakuwa, ofishin OFEDES ke gina rijiyoyin siminti, ma'aikaci kuwa na gwamnatin tsakiya ne, inda aka tura shi nan yake zuwa. Sai tattalin arziki ya karye, masu ba da bashi suka gindaya sharuɗɗansu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Bayan babban taron ƙasa na 1991 muka samu ƴancin faɗin albarkacin baki, amma baitulmali wayam. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan gyaran injuna suka ninka tsada, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba. A zamanin ne hukumar NIGETIP ta shimfiɗa titunan pave da hannun ƙananan ƴan kwangila, aikin da ya ciyar da dubban leburori. Gwamnati ta soma janye hannunta daga yin aiki da kanta, ta koma ba da kwangila.

Daga nan aka shiga maganar miƙa mulki ga jama'a. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 1999, bai kai ga haihuwa ba. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi wanda ya tsaya, ƙananan hukumomi 265 suka samu majalisu da magadan gari zaɓaɓɓu. A 2010 aka tattara dokokinsu cikin kundi guda. A 2016 gwamnati ta sa hannu bisa miƙa musu iko a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. An sake zaɓe a 2011 da 2020, kuma a watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Ban zo nan domin yabon wannan ko sukar wancan ba. Abin da nake so ku lura da shi ɗaya ne: cikin shekaru ashirin kujerar magajin gari ta ga mutane iri-iri, wasu ƙuri'a ta kawo su, wasu takarda ta kawo su, wasu takwarorinsu kansiloli suka tsige su. Amma magudanar da ke bayan kasuwa tana nan inda take. Magajin gari baƙo ne. Wanda ya san inda bututu ya bi ƙarƙashin ƙasa, ya san gadar da ta tsage da rijiyar da ke ƙafewa a watan Afrilu, shi ne ɗan gida. An miƙa wa ƙananan hukumomi nauyi, ba a miƙa musu mutanen da za su ɗauke shi ba. Da yawa cikin na karkara, in ka cire magajin gari da magatakarda da mai riƙon kuɗi da mai rubuta haihuwa, ba sauran kowa. In za a duba ginin aji ɗaya, sai an aika cibiyar gunduma a roƙi ma'aikacin gwamnati, a sa masa mai a babur, ya zo ya leƙa sau ɗaya ya koma.

To, mene ne aikin, kuma su wa ke yin sa? Akwai mai awon ƙasa, wanda ke ɗaukar tudu da gangare kafin a yanka filaye, ya ce nan hanyar ruwa ce, kada a ba kowa. Akwai mai kula da gine-gine da hanyoyi, wanda ke tsara aiki, ya ƙiyasta kuɗinsa, ya rubuta sharuɗɗan kwangila, sa'an nan ya tsaya kan ɗan kwangila har a gama. Akwai mai kula da ruwa. A manyan garuruwa kamfanin ƙasa ne ke raba ruwa: SNE a da, daga 2001 SPEN da SEEN, daga 2024 kuma NDE ta gaji SEEN. Amma a ƙauyuka, inda ake da rijiyar burtsatse da tanki da ƴan famfuna, ƙaramar hukuma ce mai kaya. Ita ke ba ɗan kasuwa amanar gudanarwa, kuma dole ta samu wanda zai duba litattafansa, ya tabbatar ana ajiye kuɗin sauya famfo kafin ya mutu. Akwai mai kula da tsabta da shara, da makanikin da ke riƙe da motocin gari, da mai gyaran fitilun titi masu aiki da hasken rana, waɗanda muke gani suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda babu wanda aka ɗora wa sauya batir.

Kada ku ɗauka aikin ƙarfi ne kawai. Aikin sani ne da amana. Kankaren da zai ɗauki nauyi ana zuba masa kilo 350 na siminti cikin kowace mita kubik, wato buhu bakwai mai kilo 50. Wanda ya sa biyar ya ci buhu biyu, kuma ido ba ya gane bambancin ranar buɗe aiki. Kankare yana son a riƙa shayar da shi ruwa a kwanakin farko, kuma sai ya yi kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Jar tsakuwar hanya ba a jibge ta gaba ɗaya, shimfiɗa ta ake yi hawa-hawa, a jiƙa, a danne, sa'an nan a ƙara. Magudana kuwa in gangarenta ya yi kaɗan rairayi ya kwanta ya toshe ta, in ya yi yawa ruwa ya ci bakinta ya haƙa kwazazzabo. Duk wannan sai wanda ya karanta, kuma ya tsaya a rana yana ƙirga buhu.

Hanyar karatun a buɗe take, kuma ba sai an ƙetare teku ba. Yaron da ya samu BEPC yana iya shiga makarantar fasaha, irin ta Ɗan Kasawa da ke nan Maraɗi, ko cibiyoyin koyon sana'a. Makarantar Kollo ta daɗe tana horar da ma'aikatan raya karkara. Wanda ya samu BAC na lissafi ko na fasaha yana da EMIG a Yamai, inda ake fitar da manyan ma'aikata da injiniyoyi. Tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A cibiyar fasaha ta jami'ar Maraɗi ana koyar da gini da lantarki, a ta Damagaram ana koyar da tsara ƙasa da birane. Mai hali yana iya tura ɗansa makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda ta yi suna wajen ilimin ruwa. Kuma ina cewa ɗa, ina nufin har da ɗiya. Na yi aiki da mata masu awo da masu lissafin gini, ban ga inda na'ura ta ƙi hannunsu ba, kuma matsalar ruwa da shara su suka fi kowa saninta tun daga gida.

Wannan ilimi ba ya kwana da yunwa. Wanda ya yi shekara biyar ko goma yana duba ayyukan gari, in ya so ya zauna ya hau matakai har ya shugabanci sashen, in ya so ya buɗe ofishin bincike ko kamfanin gini nasa. Ƙasar da yawan mutanenta ya tashi daga miliyan 7 da ƴan kai a 1988 zuwa miliyan 17 a 2012 ba za ta daina bukatar aji da rijiya da hanya ba. Dubi Damagaram, wadda ke zaune bisa dutse, ana jawo mata ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, amma kowace bazara sai an sha wuya. Wannan matsala ta ci ƙarfin kakanni da uwaye, tana jiran jikoki masu ilimi.

Amma ba zan yaudare ku ba, domin wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Albashin ƙaramar hukuma kaɗan ne, wani wuri ma yana makara. Kuma akwai abin da ya fi ƙarancin albashi ciwo, shi zan ba ku labarinsa daga kaina. A shekarun da albashi ke yin watanni, an ɗora mini duba wata ƴar gada bisa hanyar kasuwar mako, a wata gunduma da ba zan ambata ba. Na ga ƙarfen da aka sa bai kai kaurin da ke cikin takarda ba, na ƙirga buhunan siminti na ga sun gaza. Na ƙi sa hannu. Aka kira ni aka nuna mini cewa mai kwangilar na jam'iyya ne, kuma akwai wuraren aiki masu nisa da ke neman ma'aikaci irina. Ina da yara huɗu a makaranta, wata na huɗu ke nan ban ga albashi ba, mai gidan haya yana sallama kowace safiya. Na sa hannu. Ban karɓi ko dala ba, amma na sa hannu. A damina ta biyu gadar ta karye ƙarƙashin motar kaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai dai yaron mota ya rasa ƙafa, mai kayan ya yi asarar jarinsa, ƙauyuka da dama suka yanke daga kasuwa har kaka. Babu wanda ya tuhume ni. Shekaru sun wuce talatin, ni ban daina tuhumar kaina ba.

Na faɗi wannan ne domin ku gane cewa bai isa a ce wa yaro ya zama mai gaskiya ba. Sai an gina masa inda zai tsaya ya yi gaskiyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar bangon nan uku ce: yadda ake ɗaukar ma'aikaci, yadda ake biyansa, da yadda ake korarsa.

Saboda haka ga roƙona ga hukumomi, ko zaɓaɓɓu ko naɗaɗɗu. A ɗauki ma'aikacin ayyuka ta hanyar jarrabawa a bainar jama'a, a manna sakamako a bango kowa ya gani, kada kujerar ta zama ladan wanda ya yi yaƙin zaɓe. A ba shi matsayi a doka, yadda sabon magajin gari ba zai iya sallamarsa don ya ƙi sa hannu ba. Inda ƙaramar hukuma ɗaya ba ta iya biyan injiniya, doka ta yarda uku ko huɗu su haɗa kai, to su ɗauki ɗaya tare, su saya masa babur da kayan awo. Kuma a ware kuɗin gyara cikin kasafi tun farkon shekara. Mun ga bukukuwan 18 ga Disamba da aka zagaya da su: Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi tituna da fitilu da gine-gine, kuma mun gode. Amma ana yanka ƙyalle ranar buɗe sabon titi, ba a taɓa kiran makaɗa ranar yashe magudana ba, alhali yashewar nan ta watan Mayu ita ke hana kuka a watan Agusta.

Ga roƙona gare ku ƴan kasuwa. Na san abin da kuke cewa: mun biya lanho, mun biya kuɗin rumfa, ba mu ga komai ba. Sau da yawa gaskiyarku ce. Amma ƙin biya bai taɓa yashe kwata ba. Ku biya, ku karɓi takardar shaida, sa'an nan ku tafi a ƙungiyance ku tambayi inda kuɗin ya shiga, nawa aka sa a gyara, wa ke duba aikin, ina takardar karatunsa. Ku tuna babbar kasuwar Yamai da ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa, da ƙaramar kasuwa da ta ƙone a 2012. Wayar lantarkin da aka ja barkatai da hanyar motar kashe gobara da aka cike da tebura, duk abubuwa ne da ma'aikacin gari ke hanawa in an bar shi ya yi aikinsa. Idan ya zo ya ce rumfarka ta hau magudana, kada ka nemi wani babba ya kira shi a waya. Kuma wanda ya ci kwangila a cikinku, ya sa buhu bakwai ɗin nan cikakku, domin watakila motarsa ce za ta fara hawa gadar.

Ga roƙona gare ku ƴan uwana ma'aikata. Mu ne muka koya wa yaranmu cewa daraja tana cikin ofis mai sanyi a Yamai, wanda aka tura ƙaramar hukuma kuwa an yi masa horo ne. Mu gyara wannan magana a gidajenmu. Waɗanda suka yi ritaya cikinmu, kada mu tafi kabari da taswirar garuruwa a ka. Mu zauna da matasan da aka ɗauka, mu zagaya da su, mu nuna musu inda tsofaffin bututu suke da inda ruwa ya saba bi tun kafin a yi unguwa, a rubuta a ajiye. Ni kaina na yi alkawarin safiyar kowace Asabar ga duk yaron da ke son koyon karatun taswira da ƙiyasin aiki, ba tare da ko sisi ba.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya shiga makarantar fasaha bana, sai bayan shekara biyar ko shida zai iya tsayawa gaban ɗan kwangila ya ce a fasa a sake. Damina kuwa ba ta jiran kowa, kowace shekara tana zuwa ta duba aikinmu, kuma ita ba a kiranta a waya. Ina roƙon kowane uba da kowace uwa da ke nan, in kun koma gida, ku dubi yaranku, ku ga wanda hannunsa ke son gyara, kansa ke son lissafi, ku gaya masa cewa garinsu yana da aiki dominsa, kuma aikin mutunci ne. Mu kuma manya mu tsaya masa ranar da zai ƙi sa hannu.